Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Ɗora Mota Kan Tubalin Soso Bayan An Cire Tayoyinta

A garejin kanikawa, daga Ƙofar Ruwa ta Kano zuwa Apo ta Abuja, da wuya a rasa motar da aka kwance wa taya aka bar ta a kan wani abu: dutse, bulo, kututture, tsohon wili, wani lokacin ma jak shi kaɗai. A ƙarƙashinta kuma sau da yawa akwai mutum kwance rigingine, galibi yaron gareji mai koyon aiki, yana fama da notin da ya ƙi kwancewa.

A Amurka da Turai akwai wani abin ɗora mota da masu sha'awar gyara da kansu suka rungume shi, wato tubalin soso. Ba shi da nauyi, yaro ma zai ɗauke shi da hannu ɗaya, amma ana ganin mota sukutum a kansa. Wannan ya sa wasu ke tambaya: idan har yana ɗaukar mota, me zai hana a kwance tayoyin gaba ɗaya a jingina jikin motar a kansa?

Taƙaitacciyar amsar ita ce, an ƙera tubalin soso ne don ya zauna a ƙarƙashin taya. Da zarar an cire tayar, nauyin motar zai bi ta kan siririn ƙarfe, kuma wannan aikin matokarin ƙarfe ne ko katako mai ƙwari, ba na soso ba. Ga bayanin dalili, da yadda ake yin aikin ba tare da an sayar da rai ba.

Wane irin soso ake nufi?

Kalmar soso ta haɗe abubuwa daban-daban, kuma rikita su shi ne mafarin haɗari.

Na farko shi ne soson katifa da na kujera. An yi shi ne don ya lotsa, saboda haka ba ya cikin wannan magana ko kaɗan.

Na biyu shi ne farin soson nan mai ƙwayoyi da ake naɗe talabijin da firji a cikin kwali. Sunansa a kimiyyance folistirin, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Ana yin sa hawa-hawa, daga mai taushi zuwa mai tauri. Mai taurin ba abin rainawa ba ne: tun a shekarar 1972 injiniyoyin ƙasar Norwe suka fara shimfiɗa manyan tubalansa a ƙarƙashin titi, a wuraren da ƙasa ke da laushin da ba za ta ɗauki cikon yashi da tsakuwa ba. Har yau ana yin haka a ƙasashe da dama, kuma tireloli na bi ta kai.

Na uku shi ne wanda aka ƙera musamman don mota. Kamfanin da ya fi shahara da shi, mai tambarin Race Ramps da ke jihar Mishigan ta Amurka, yana amfani da folistirin mai matuƙar tauri, sannan ya lulluɓe shi da wata riga mai ƙarfi. Ana yi wa saman tubalin ɗan kwari don taya ta zauna daram, kuma kowane ɗaya yana zuwa da iyakar nauyin da aka amince ya ɗauka. A nan ma wurin zamansa ƙarƙashin taya ne.

Lissafin da ya raba gardama

Abin da ke fasa abu ba yawan nauyi ne kaɗai ba, har da faɗin wurin da nauyin ya sauka. Mutum na iya kwanciya a kan katifa ba ta huje ba, amma tsinin takalmi mai dunduniya zai bar mata rami.

A ɗauki motar gida mai nauyin kilo 1,500. A yawancin irin waɗannan motoci inji da giyabos suna gaba, don haka kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin yana kan tayoyin gaba. Ke nan kowace kusurwar gaba tana ɗauke da kusan kilo 450.

Ma'aunin ASTM D6817, wanda injiniyoyi ke bi wajen zaɓen folistirin na aikin titi, ya nuna cewa samfurin da ake kira EPS15 yana ɗaukar kimanin kwatan kilo ne a kan kowane murabba'in santimita kafin ya lotsa da kashi 1 cikin 100 na kaurinsa. Mafi tauri a jerin, wato EPS46, yana ɗaukar kimanin kilo 1.3. Abin da ya sa yake iya ɗaukar titi shi ne, kwalta da tsakuwa da simintin da ke samansa sun riga sun baza nauyin tirela a kan fili mai faɗi kafin ya iso gare shi.

Yanzu a duba hali uku. Idan aka baza kilo 450 ɗin nan daidai wa daida a kan tubali mai faɗin santimita 30 da tsawon santimita 30, kowane murabba'in santimita zai ɗauki rabin kilo. Soso mai tauri zai jure.

Idan taya ce a kai, wurin da take taɓawa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba, kimanin murabba'in santimita 200. Matsin ya haura kilo 2 ke nan. Tuni ya fi ƙarfin soson kwali, shi ya sa masu ƙera tubalin mota suke ƙara masa tauri da riga da kwarin da zai rungumi tayar.

Idan kuwa aka cire tayar, abin da ya rage a jingina shi ne ƙarfen motar. A gefen ƙasan yawancin ƙananan motoci akwai wani siririn leɓen ƙarfe, inda aka haɗe farantai da walda, wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. Idan tsawon santimita 10 na wannan leɓe mai kaurin milimita 3 ya sauka kan tubali, kilo 450 sun taru ke nan a kan murabba'in santimita 3 kacal: kilo 150 a kan kowane ɗaya. Wannan ya ninka ƙarfin soson titi mafi tauri fiye da sau 100. Ƙarfen zai ratsa shi kamar yadda wuƙa ke ratsa kabewa. Haka abin yake idan aka sauke gefen faifan birki a kansa.

Sauran raunin soso

Ko an sa katako a tsakani don a baza nauyin, akwai wasu matsalolin da gareji ke cike da su.

Fetur yana narkar da folistirin nan take, haka tina da wasu sinadaran wanke birki da kafireto. Ɗigon mai daga tiyo ko tanki na iya cinye tsakiyar tubali alhali samansa na nan kamar lafiya lau. Rigar da ake yi wa na kamfani tana kare shi ne muddin ba ta yage ba.

Zafi ma abokin gabarsa ne. Yakan fara laushi tun kafin zafi ya kai na tafasasshen ruwa, alhali salansar motar da aka kashe yanzu ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Tartsatsin walda kuwa na iya kunna masa wuta.

Sannan soso yana lotsawa a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa. Motar da aka bari daidai ranar Litinin tana iya karkata zuwa Juma'a. Da ta karkata, nauyi ya koma gefe ɗaya na tubalin, gefen ya ƙara lotsawa, har ta kai ga sulluɓewa. Rashin nauyinsa, wanda shi ne abin yabonsa, shi ne kuma ke sa ya tuntsure cikin sauƙi idan bakanike ya sa ƙarfi yana jan sifana.

Bulo da dutse da jak ba su fi shi ba

A Najeriya abin da ya fi soso yawa a ƙarƙashin mota shi ne bulon siminti, kuma kallon kitse ake yi wa rogo. Bulo yana da ƙarfi ne a cikin gini, inda nauyi ke sauka a kan dukkan fuskarsa, ramukansa na kallon sama, siminti na riƙe da shi. Idan tsinin ƙarfe ya danna shi a wuri guda, musamman in an kwantar da shi ta gefe, yakan tarwatse lokaci guda ba tare da ya ba da wata alama ba. Ƙari a kan haka, binciken da aka sha yi a jami'o'in ƙasar nan ya nuna cewa bulon da ake bugawa a kasuwa sau da yawa bai kai ƙarfin da ma'aunin ƙasa ya gindaya ba, saboda ƙarancin siminti da rashin ba shi ruwa yadda ya kamata. Dutse kuma ba shi da shimfiɗaɗɗiyar fuska, don haka mota na iya zamewa daga kansa.

Shi kuwa jak, aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Jak mai amfani da mai ya dogara ne kan wata 'yar robar da ke toshe man a ciki. Idan ta gaji, motar za ta sauko, a hankali ko a guje. Ƙaramin jak ɗin da ke zuwa a but ɗin mota an yi shi ne don canjin taya a gefen hanya, kuma littafin da ke zuwa da mota kan gargaɗi mai ita da kada ya shiga ƙarƙashinta alhali jak ne kaɗai ke riƙe da ita. Dokar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, wadda hukumar OSHA ke aiwatarwa, ta wajabta cewa da zarar an ɗaga kaya da jak, a tokare su nan take da wani abu daban.

Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. Tazarar da ke tsakanin cikin ƙaramar mota da ƙasa, ko da tayoyinta na ɗaure, yawanci ba ta kai kaurin ƙirjin babban mutum ba. Idan babu taya, kusan babu tazarar ma. Ƙirjin da ɗaruruwan kilo suka danne ba ya iya buɗewa ya shaƙi iska, kuma mutum na iya rasuwa cikin 'yan mintuna ko da ƙashinsa ɗaya bai karye ba. Ba ya ma iya ihun neman taimako.

Abin da ya dace a sa

Zaɓi na farko shi ne matokarin ƙarfe, mai ƙafafu uku ko huɗu da sanda a tsakiya da ake ɗagawa a kulle da fil ko haƙori. Ana amfani da su bibbiyu. A kula: a ƙarƙashin ma'aunin ASME da kamfanonin da ke sayarwa a Amurka ke bi, nauyin da aka rubuta a jiki na guda biyun ne a haɗe. Matokarin da aka rubuta wa tan 3, kowane ɗaya tan ɗaya da rabi ke nan. Mai fil ɗin ƙarfe da ke ratsa sanda ya fi sauƙin dubawa da ido, domin ana ganin ko ya shiga ko bai shiga ba.

Zaɓi na biyu shi ne jeren katako, irin wanda ma'aikatan kashe gobara da masu ceto ke yi. Ana samun katako mai kusurwa huɗu, mai kaurin kimanin santimita 10, marar tsagewa da cin gara, a jera biyu, a gicciya biyu a kansu, a ci gaba da haka har a kai tsayin da ake so. Ƙa'idar masu ceto ita ce kada tsayin jeren ya wuce ninki uku na faɗinsa, kuma nauyi ya sauka daidai inda katakan suka haɗu, ba a tsakiyar da babu komai a ƙasa ba. Alherin katako shi ne yakan yi ƙara ya fara lotsawa kafin ya gaza, ya ba mutum damar fita.

Matakan ɗora mota

1. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. Daɓen siminti ya fi. A kan ƙasa ko yashi, musamman da damina, ko kan kwaltar da ranar bazara ta narkar, ƙafafun matokari na nutsewa. Sai a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowanne.

2. A kashe inji, a cire makulli, kowa ya fita daga motar. A sa giya, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, saboda haka da an ɗaga baya amfaninsa ya ƙare, waigi ne ya rage.

3. A sassauta notunan taya tun motar na ƙasa. Ƙarfin da ake sawa wajen kwance notin da ya cije ya isa ya ture mota daga kan abin da ke riƙe da ita.

4. A sa jak a wurin da kamfani ya tanada. Littafin mota yana nuna shi, kuma sau da yawa akwai 'yar alama a jikin ƙarfen. Kada a taɓa ɗagawa ta tankin mai, ko kaskon baƙin mai, ko salansa, ko tukunyar gas a motocin da aka mayar masu amfani da gas, ko akwatin batir a motocin lantarki.

5. A sa matokarai biyu masu tsayi ɗaya, dama da hagu, a ƙarƙashin shasi ko wurin da aka ƙarfafa. A sauke motar a hankali har nauyinta ya zauna a kansu.

6. Idan tayoyi huɗu za a cire, a gama da gaba kafin a koma baya, a kuma riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Yayin da ake ɗaga baya motar takan ja kanta, don haka a riƙa leƙa matokaran gaba kada su karkata. Jak mai tayoyi dole ya samu damar gangarawa. Idan tsakuwa ta tare shi, motar zai jawo.

7. A girgiza motar da ƙarfi daga kowace kusurwa kafin kowa ya shiga. Gara ta faɗi babu kowa.

8. A yi tanadi na biyu: a tura tayar da aka cire, da wilinta, ƙarƙashin gefen motar, a kuma bar jak yana ɗan taɓa ƙarfe. Idan matokari ya gaza, su ne za su bar wa ƙirji wuri.

9. Idan za a sauke inji ko giyabos, a tuna cewa nauyin motar zai koma baya da zarar sun fita. A sake duba zamanta.

10. Kada mutum ya yi aiki a ƙarƙashin mota shi kaɗai, kuma a hana yara wasa kusa.

Inda tubalin soso ke da amfani

Wannan ba ya nufin tubalin kamfani ba shi da rana. Idan aikin ba ya buƙatar cire taya, kamar juyen baƙin mai ko gyaran salansa, ɗora tayoyi a kan tubalin da aka ƙera don haka, wanda iyakar nauyinsa ta dace da motar, hanya ce mai kyau, kuma tana barin fili a ƙasa. Idan tayoyin gaba kawai za a cire, ana iya barin na baya a kan tubalan, a tokare gaban da ƙarfe. Sharaɗin dai shi ne roba ce za ta taɓa soso, ba ƙarfe ba. Kada a ɗora tubali kan tubali sai irin waɗanda aka ƙera su shiga juna. Kuma duk wanda ya tsage ko fetur ya taɓa a jefar da shi. Soson kwali da na rufin ɗaki kuwa ba su da gurbi a ƙarƙashin mota ko da taya ko babu.

Matokarin ƙarfe ma yana gazawa

A shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 masu tambarin Pittsburgh, na tan 3 da na tan 6, ta hannun hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar, NHTSA. Matsalar ita ce haƙorin da ke riƙe sanda na iya kuɓucewa idan nauyi ya motsa, motar ta faɗo. Bayan 'yan makonni kamfanin ya sake janye wani samfurin da mutane suka karɓa a madadin na farko, saboda aibi a waldarsa.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na ɗaya, tanadi na biyu ba ɓata lokaci ba ne. Na biyu, an gano aibin aka kuma sanar da jama'a ne domin akwai tsarin da ke tilasta wa kamfani yin hakan. A Ostireliya ma, jak da matokari da gadar hawan mota duk suna da ma'aunin dole da sai sun cika shi kafin a sayar da su.

Wa ke da alhakin sa ido a Najeriya?

A takarda, hukumomin suna nan. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ita ke da hurumin hana shigo da kayan aiki marasa inganci ta tsarinta na SONCAP. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana da ikon kare masu saye daga kaya masu haɗari. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa Ma'aikatar Ƙwadago duba wuraren aiki, sai dai tarar da ke cikinta ta zamanin da naira ke da daraja ce, kuma ƙudirin sabuwar dokar kare lafiyar ma'aikata ya shafe shekaru yana kai-komo a Majalisar Tarayya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, ta asusun NSITF da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya.

A aikace kuwa, yawancin garejin ƙasar nan ba su da rajista, yaron gareji ba shi da takardar ɗaukar aiki balle albashin da za a cire wa kaso. Idan mota ta faɗo masa, a kan ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa, a yi ta'aziyya, washegari a sake jawo wani bulon. Imani da ƙaddara bai hana ɗaure raƙumi ba. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, da ke da rassa a jihohi, da gwamnatocin da ke ware filayen gareji suna karɓar haraji a kansu, suna da ikon sanya daɓen siminti da matokarai cikin sharuɗɗan zama a wurin. Shi ma mai mota yana da ta cewa: yana iya ƙin yarda a shiga ƙarƙashin motarsa sai an tokare ta yadda ya kamata.

Idan mota ta faɗo wa mutum

A yi kururuwar neman taimako, wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ta hukumar kiyaye haɗurra, 122. A ɗaga motar da jak cikin hanzari, ana cusa katako ko taya a ƙarƙashi yayin da take tashi, don kada ta sake dawowa. Kada a ja mutum da ƙarfi alhali nauyin na kansa. Bayan an fitar da shi, a kiyaye wuyansa da bayansa daga lanƙwasa. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, domin jini na iya zuba a ciki ba a gani ba, kuma tsokar da ta daɗe a danne tana sakin sinadaran da ke illata ƙoda da zuciya bayan sa'o'i. A shaida wa likita tsawon lokacin da ya yi a ƙarƙashin motar da kuma sashen jikin da ta danne.